Baba Thaddeus da Kada Mai Tauna

A layin da ke bayan kasuwar Utako, tsakanin shagon Alhaji Sale mai kwanukan silba da rumfar masu gyaran waya, akwai wani ɗan ɗaki mai shuɗiyar ƙofa. Nan Thaddeus yake haɗa haƙoran roba, shekara goma sha bakwai ke nan. Direbobin tasha da haɗarin mota ya zubar wa haƙora, da tsofaffin da suka gaji da cin tuwo da dasashi, duk nan suke zuwa. A bayan idonsa Baba Haƙori ake ce masa. A gabansa kuwa sai dai Baba Thaddeus, don an san ba ya son wargi.

Mutumin Kagoro ne. A asibitin mishan ya koyi aikin, a hannun wata tsohuwar sista wadda ba ta yarda da "ya yi daidai" sai ta sa yatsa ta taɓa da kanta. Ya yi shekara tara a Jos, sannan ya biyo jama'a zuwa Abuja, lokacin da ake cewa ko ruwan sanyi ka kawo garin sai ka yi arziki. Ya kafa shago a Durumi, ya auri Perpetual mai sayar da kifi a Kado, suka haifi 'ya'ya uku. A wancan zamani mutum ne mai fara'a. Abin da ya sauya shi wasu mutum uku ne da suka zo wata Talata sanye da kwat, da katin shaida rataye a wuya, suka ce ƙidayar shaguna suke yi domin a jawo wa unguwa ruwan famfo. Ya ba su kujera, ya sayo musu lemo, ya sa hannu a takardarsu bai karanta ba. Bayan mako biyu sai ga katafila. Ashe yaran wani mai hannu da shuni ne da ke son filin, takardar kuwa cewa ta yi da yardarsa zai tashi. A cikin ɓaraguzai ya tsinto injinsa na goge haƙora, ya ɗauko a ka har Utako.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar Thaddeus bai ƙara yarda da kati ba, bai ƙara yarda da kwat ba, kuma mai daɗin baki ya fi kowa ba shi tsoro.

Wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina, wata mata ta tsaya a ƙofar shagon rungume da kular abinci. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, ga hijabi ruwan toka, ga takalmin kambas da jar laka ta ɓata. Ta gaishe shi, ta ce sunanta Khairat, malamar jami'a ce, wani likitan haƙori ne ya yi mata kwatancen wurin.

"Baba, an ce duk Abuja babu wanda ya kai ka iya ɗaukar zubin haƙori."

Yabon bai yi masa daɗi ba. Ya dubi bakinta kamar yadda ya saba duban na kowa. Haƙoranta cif suke, babu giɓi ko ɗaya.

"To Madam, naki ai lafiyarsu lau. Na wa za a ɗauka?"

Ta ajiye kular a kan tebur, ta buɗe, ta yaye auduga. Muƙamuƙi ne kwance a ciki, tsawonsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba, launin ƙasa-ƙasa, haƙoransa baƙi wuluk. Thaddeus ya ja da baya. Ko wata uku ba a yi ba da ya ji labarin jakar da aka kama a wata tasha da abin da ba ya faɗuwa a ciki.

"Rufe! Rufe abin nan tukuna. Na wane ne?"

"Ba na mutum ba ne, Baba. Ɗaga ka ji."

Sai da ya naɗe hannu da tsumma sannan ya ɗaga. Nauyin ya ba shi mamaki. Wannan ba ƙashi ba ne, dutse ne mai siffar ƙashi. Khairat ta ce wani mai fasa dutse ne, Mato, ya tono shi can wani ƙauye a ƙasar Gombe. Dabbar dangin kada ce, ta mutu tun kafin a yi mutane a duniya da miliyoyin shekaru, ƙasa ta binne ta har ƙashin ya koma dutse. Tana so a yi mata kwafinsa da filasta, farin garin nan da yake zubin haƙora da shi, don na ainihin za a kai shi ma'ajiyar kayan tarihi, ba a yawo da shi. Kwafin za ta aika wa abokan bincikenta su auna. Ta ciro katin aikinta da takardar izini mai hatimi, ta miƙa masa.

Ganin katin ne ma ya ƙara tsinka masa zuciya. Ya ɗauki hoton muƙamuƙin da wayarsa, ya ce ta kwashe kayanta ta dawo jibi. Da ta fita ya leƙa, ya rubuta lambar motarta a bayan kalanda.

Ya tsallaka wurin maƙwabcinsa. Alhaji Sale, Bakanon da ya yi shekara talatin yana kasuwanci, ya saurari labarin yana jan carbi. Da Thaddeus ya gama sai ya girgiza kai.

"Oga Thaddeus, da walakin goro a miya. Tsafi ba zan ce ba. Amma ka yi tunani. A sa ka ka yi kwafi, a kai kwafin ma'ajiya, a sayar wa Turawa na ainihin. Ranar da asiri ya tonu, hannun wa za a gani a jikin filasta?"

Wannan magana ta shige shi sosai, don shi bai ma kai tunaninsa can ba. Da yamma ya biya Kado, ya tarar da Perpetual tana yanka tarwaɗa. Ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo.

"Waɗannan 'yan ramukan da ke jikin ƙashin, na kada ne," in ji ta. "Masuntan Lokoja sun taɓa kawo kansa nan kasuwa, haka yake kamar an yi masa zanzana. Amma kada da turamen haƙori irin na akuya? Baban Clara, ni dai ban taɓa gani ba."

Washegari bai buɗe shago ba. Ya hau mota har jami'ar da matar ta ambata. Bai nemi kowa mai kwat ba. Mai gadi ya tambaya, da wata mai shara. Mai sharar ta yi dariya ta ce, "Au, Dakta mai duwatsu? Ga ofishinta can, kullum sai na share tsakuwa." Ya leƙa ta taga, ya ga kwalaye cike da duwatsu, kowane da lamba. Ya juyo gida hankalinsa ya ɗan kwanta, amma ba duka ba. Ɓarawo ma ai yana iya samun ofis.

Ranar Juma'a da safe Khairat ta dawo, ya gindaya mata sharuɗɗa. Za ta zauna a gabansa tun daga farkon aiki har ƙarshe, ko fitsari ba za ta fita ta bar masa abin ba. Alhaji Sale zai zauna ya zama shaida. Ƙofa a buɗe. Kuma a gindin kwafin zai rubuta KWAFI da kwanan wata, rubutu mai zurfi wanda ba ya kankaruwa.

"Wallahi Baba ka ma taimake ni," ta ce. "Haka ya kamata a yi."

Saurin yardar tata ma sai da ya tsaya masa a rai.

Ba a ɗaukar zubi a kan datti, don haka ya fara da tsabtacewa. Ya sa gilashinsa mai ƙara girman abu, ya ɗauki buroshi mai laushi da ɗan tsinken ƙarfe. Khairat ta ce mako uku ke nan da abin ya zo hannunta, ba ta taɓa ƙasar da ke tsakanin haƙoran ba, tana tsoron kada su ɓalle, ga shi injin da ake leƙa cikin dutse da shi babu shi a kusa. Thaddeus ya sunkuya a kan aikin. Yana ƙirga haƙora. Na gaba huɗu masu tsini. Na baya biyar masu faɗi, da 'yan tudu a kansu, sun goge kamar na tsohon da ya sha cin gurjiya.

Ya ɗago kai. "Madam, kin ce kada ne."

"Danginsa ne."

"Kada ba ya tauna. A garinmu akwai su a rafi. Yana cafka ya haɗiye. Wannan kuwa ya yi tauna har haƙoransa suka cinye. Ko dai ba kada ba ne, ko kuma wani ya haɗa miki kan wata dabba da haƙorin wata."

Maimakon ta ji haushi sai fuskarta ta washe. Ta jawo kujera kusa, ta ce abin da ya sa take rawar jiki a kan wannan dutse ke nan. A can zamanin da, dangin kada ba duka ne ke kwance a ruwa suna jiran nama ba. Akwai waɗanda suka zauna a tudu, ƙafafunsu a miƙe a ƙarƙashinsu, girmansu bai wuce na kare ba, wasunsu ganye da saiwoyi suke ci. An tono irinsu a wasu ƙasashe. Amma wannan yana da abin da ba ta taɓa gani a littafi ba. Ta nuna haƙori na uku a cikin na baya, wanda ya fi sauran girma, zagayayye, sumul kamar ƙwayar gurjiya.

"Wannan shi ne abin mamakin. Na riga na gaya wa shugaban sashenmu. A kansa zan yi rubutuna."

Alhaji Sale ya ce, "Kada mai kiwo. Allah mai iko." Amma ya ƙyafta wa Thaddeus ido.

Thaddeus ya mayar da gilashi. Ya juya muƙamuƙin wajen hasken ƙofa. A kan kowane turmi akwai 'yan zane-zane sirara da tauna ta bari, duk sun miƙe daga gaba zuwa baya, alamar dabbar tana tura muƙamuƙinta gaba ta jawo shi baya in tana niƙa abinci. Huɗu duk haka suke. Na ukun nan kuwa, wanda matar take taƙama da shi, zanensa a warwatse yake ta ko'ina. Baki guda ba ya tauna iri biyu. Ya kankare ƙasar gindinsa a hankali. Sauran haƙoran sun nutse cikin ƙashi da saiwarsu. Wannan a zaune kawai yake a kai, kamar an ɗora hula. Ƙasar da ke riƙe da shi ma tana da wani ƙyalli da sauran ba su da shi.

Ya ajiye tsinken. Ya kunna fitilarsa ta sifirit, ya gasa allura har ta yi ja, ya taɓa gindin haƙorin. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Warin ya kai har hancin Alhaji Sale.

"Gam!" in ji Alhaji. "Irin na masu gyaran takalmi."

Thaddeus ya ajiye allurar, ya zura wa Khairat ido. Ga abin da yake jira tun ranar Laraba. "Madam, wa kika so ki cuta da wannan? Ni, ko Turawan?"

Khairat ta matso. Ta karɓi gilashin, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta ɗago ta yi masa wani irin kallo, kallon da shi ya saba yi wa mutane.

"Baba, ranar Laraba da na juya ina neman takarda a jaka..."

"A'a, Dakta," Alhaji Sale ya katse ta. "Kada ki ɗauki alhakinsa. Mutumin da ko taɓa abin bai yi ba sai da tsumma? Ga hoton da ya ɗauka ranar, duba ki gani in haƙorin ba ya ciki. Yau kuwa idona da naki ba su bar hannunsa ba."

Ta duba hoton. Haƙorin yana nan. Ta rufe fuska da tafin hannu, ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Innalillahi. Haƙorin kifi ne. Akwai wani tsohon kifi mai fasa katantanwa, haƙoransa birjik suke a wannan dutsen. Na sha tsintar su da hannuna. Son abin ne ya rufe mini ido."

Nan take ta kira Mato, ta sa wayar a amsa-kuwwa. Aka daɗe ana gaisuwa, ana tambayar ruwa da gona. Sannan ta kawo maganar gam. Sai muryar dattijo ta fito a sanyaye. Ya ce ranar da yake ciro abin, kurfin da yake sarar dutse da shi ya zame masa ya daki haƙori ɗaya, ya farfashe. Dakta ta sha gaya masa a bi a hankali. Kunya ta kama shi, ga abu mai kyau ya yi masa giɓi a tsakiya. Sai ya nemo wani baƙin haƙori a cikin tsakuwa, ya kwaɓa gam da garin dutsen, ya cike wurin.

"Ba don in cuce ki ba ne, Dakta. Giɓin ne ba kyan gani."

Thaddeus ya so ya yi faɗa, amma faɗan ya ƙi fitowa. Shekara arba'in ke nan shi ma da cike giɓi yake ci. Ya matso kusa da wayar.

"Malam Mato, sunana Thaddeus. Gutsattsarin na ainihin, ka zubar?"

"Suna nan cikin gwangwanin man zafi. Ban iya zubarwa ba."

"To kada ka ba direba. Kada ka ba kowa. Ka kawo da hannunka."

Ranar Litinin da azahar Mato ya sauka a tashar Utako, siririn dattijo, tafin hannunsa kamar fatar kadan da ake magana. Khairat ta taho da shi shagon. Gutsattsari bakwai ne a gwangwanin, wani bai kai ƙwayar gero ba. Thaddeus ya narkar da gam ɗin, ya cire haƙorin kifi, ya ajiye shi gefe. Kwana biyu ya yi yana harhaɗa bakwai ɗin nan da hantsaki, Khairat na zaune a gabansa, don bai janye sharaɗinsa ba. Da ya gama, haƙorin ya zauna a raminsa daram. Bai kai na bogin girma ba, amma yana da wani kaifi mai tsaga-tsaga a gefe ɗaya kamar bakin lauje, zanen taunarsa kuma ya bi sahun 'yan'uwansa, gaba zuwa baya. Khairat ta kalle shi ta gilashi har wuyanta ya gaji. Ta ce ba za ta ƙara cewa komai a kansa ba sai mutum uku sun duba bayan ita.

Ya yi mata kwafi huɗu, kowanne da rubutunsa a gindi. Ranar da za a kai na ainihin ma'ajiya, cewa ya yi ƙafarsa ƙafarta. Ya tsaya har aka rubuta lamba, aka sa a akwati, aka kulle, ya karanta takardar karɓa tun daga sama har ƙasa.

Rubutun Khairat ya ɗauki fiye da shekara kafin ya fito. A ciki ta faɗi maganar gam ɗin ba ta ɓoye ba, ta kuma ce wanda ya fara lura da yadda dabbar ke tauna wani mai haɗa haƙora ne a Utako. Perpetual ta sa aka karanta mata wurin sau biyu a kasuwa. Shi dai Thaddeus har yau in aka tambaye shi, cewa yake taunar ya yarda da ita, don ya gani da idonsa. Miliyoyin shekarun ne bai ga wanda ya zauna ya ƙirga ba.

Amma kafin duk wannan, akwai abin da ya faru tsakaninsa da Mato wanda har yanzu yake ci masa rai. Tun ranar da dattijon ya shigo Thaddeus ya lura ba shi da haƙoran gaba biyu na sama, tartsatsin dutse ne ya ɗebe su shekara goma da suka wuce. Ya ɗauki awon bakinsa, ya haɗa masa biyu masu kyau, ya ɗan rina su don su dace da sauran da goro ya jajanta. Ya ce kyauta ce. Mato ya karɓa, ya jujjuya su a tafin hannu, ya shinshina, ya dubi kwalaben da ke jere a kan kanta.

"Maigida, ka gafarce ni. Na wa ne?"

"Kamar yaya na wa ne? Naka ne."

"A'a, kafin su zama nawa. A garinmu an ce na matattu kuke cirowa."

Thaddeus ya miƙe tsaye, har kujerarsa ta faɗi. Shi za a yi wa wannan zargi, a cikin shagonsa? Ya jawo kwalin da haƙoran ke zuwa a ciki, ya nuna masa su jere a kan kati. Ya ɗauki ɗaya ya gasa a wuta don ya ji warin roba. Alhaji Sale ya shigo yana dariya har da riƙe ciki, ya rantse masa cewa shekara goma sha bakwai suna maƙwabtaka bai taɓa ganin an shigo da gawa ba. Mato ya saurara da ladabi, ya yi godiya mai yawa, ya sa albarka. Sannan ya buɗe gwangwanin man zafin nan da ya zama fanko, ya saka haƙoran ciki, ya rufe, ya jefa a aljihu. Ya ce in ya isa gida zai nuna wa limaminsu tukuna.